Fasinjar Sa'a da Kwalin Tsarabarta

A garinmu Dumangas, in ka ce kana neman Remedios Gallenero sai a tsaya ana kallon-kallo. Amma kana cewa Nang Meding ta Riyad, wato Yaya Meding, mai sayar da ƙanƙara ma zai nuna maka gidan da baki. Shi ne mai shuɗin kwano a bayan tafkunan kiwon kifi. Da kuɗin wanke-wanke da guga ta gina shi, bulo bayan bulo, kuma in aka haɗa duk kwanakin da ta taɓa kwana a cikinsa ba na jin za su cika shekara.

Da can kifi take sayarwa a kasuwa, kuma tana da baki, in ta kira ka sai ka saya ko ba ka yi niyya ba. Mijinta Nestor ya haye tsibirin Negros yankan rake, raken ya yi masa zaƙi, har yau bai dawo ba. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Rodora, wadda a lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba. Meding ta duba ciniki, ta duba yarinya, ta ga kifi ba zai kai kowa makaranta ba. Sai ta ɗauki yarinyar ta damƙa wa yayarta Belen, ta sa hannu a kwantiragin aikatau na shekara biyu a Saudiyya. Shekara biyun nan ce ta yi ta haihuwa har ta kusa ashirin.

Rodora ta tashi tana kiran Belen da Nanay, ita kuwa Meding tana ce mata Mama. Kowa a nan ya san bambancin. Nanay ita ce wadda ta share maka majina, ta kwana a kanka ranar zazzaɓi. Mama sunan 'yan birni ne, yana da daɗin faɗi a waya. Meding ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai duk ranar da ta ji sunan nan a bakin yarinyar, abincin dare ba ya shiga.

To, mu mutanen nan muna da wata cuta da ba ta jin magani, ita ce tsaraba. Ko birnin Iloilo da ke kusa da mu ka shiga da safe ka dawo da la'asar, sai an leƙa hannunka. Balle wanda ya haye teku. Shi ba a ma tambayarsa ya hanya sai an ga kwalinsa ya sauka. Meding kan yi shekara tana cika nata. Yau ta ga sabulu an karya farashi ta saya, gobe man goge baki, jibi tawul, naman gwangwani, cakulan, turare, dabino. Kowane abu sai ta manna masa 'yar farar takarda ta rubuta sunan mai shi, don kada a yi faɗa wajen rabo, ko da yake duk da haka sai an yi. In ya cika ta hau kansa ta zauna, ta naɗe shi da salatif kamar mai ɗorin karaya, sannan ta bi da igiya.

Kwalin nan ya fi ta zuwa gida. Ranar da Rodora ta gama firamare, uwar ɗakin Meding ta haihu, ba a ba ta hutu ba, kwali ya je. Ranar gama sakandare takardar izinin fitarta ta maƙale a wani ofis, kwali ya je. Bikin cikar yarinyar shekara sha takwas a waya ta kalla, ta jingina wayar da tukunya tana yanka albasa, ko ba komai ta samu abin ɗora wa laifin hawaye. Kowane karo sai da ta yi alkawari tukuna, kuma da zuciya ɗaya take yi.

Bana Rodora ta gama karatun jinya, har da lambar yabo. A makarantar, in an kira mai lambar yabo, mutum ɗaya ne daga gidansu yake hawa dandamali ya rataya masa ita a wuya. Meding ta ce ko aikin ne zai tafi ya tafi, hannunta ne zai rataya wannan lambar. Tun da sauran wata shida ta fara roƙon hutu, ta yi ta naci har uwar ɗakin ta gaji ta ce ta je. An sa taron ranar Asabar da safe. Ta sayi tikitin da zai sauke ta Manila Juma'a da hantsi, da wani na rangwame da zai kai ta Iloilo da yamma, ƙarfe bakwai. Ta ma ba kanta kwana guda na hutawa.

Jirgi na sauka Manila ta kunna waya, sai ga saƙon muryar Belen, tana magana tana haki kamar an biyo ta.

"Meding, kina ina? An ce guguwa za ta shigo gobe, makaranta ta dawo da taron yau ƙarfe uku. Yau ɗin nan! Ki yi yadda za ki yi."

Ta saurara sau biyu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba, gajiyar da ta kwaso daga jirgi ce kawai ta sauko mata. Ta ɗora kwalinta a amalanken kaya, ta tura shi har ɓangaren jiragen cikin gida, tana tafe tana leƙe ta gefensa don ya fi ta tsawo.

Yarinyar da ke kan teburin kamfanin jirgin ba za ta girmi Rodora ba. Ta ɗaure gashi tsaf, ta sha hoda, fuskarta kuwa ta wadda ta ji labarin mutuwa da haihuwa kala-kala tun asuba.

"Madam, jirgin sha biyu ya cika. Na ƙarfe biyu an soke shi."

Meding ta ɗan waiga don ta ga wace ce Madam ɗin. Shekara nawa ita ke faɗa wa wasu.

"Inday," ta ce, don haka muke kiran yarinya a nan, ko Day a taƙaice, "'yata ce za a ba lambar yabo ƙarfe uku. Ki duba mini, ko kusa da bayi ne zan zauna."

"Sai dai ki yi cans, Madam."

Babu ɗan ƙasar nan da bai san cans ba. A jirgin ruwa muna yi, a bas muna yi, ka je ba kujera ka tsaya a gefe kana jiran wani ya fasa. Fasinjan sa'a ke nan. Abin da Meding ba ta sani ba shi ne yanzu har tsayuwar ma sayar da ita ake yi. Yarinyar ta faɗi kuɗin, ya kusa kamo na tikitin kansa.

"Yesu, Maryamu, Yusufu! Na me?"

"Na canjin jirgi, Madam. Tikitinki na rangwame ne. Sai kin biya za a sa sunanki. In kujera ba ta fito ba, a mayar miki. In ta fito kika ƙi hawa, ya tafi."

"Wato in biya ku kuɗi don in tsaya da ƙafata?"

"Akwai benci, Madam."

Ta biya. Me za ta yi? Ta zaro kuɗin daga aljihun da ta ɗinke a cikin siket, ta miƙa ba tare da ta kalle su ba. Yarinyar ta leƙo ta dubi kwalin.

"Amma Madam, in kujerar ta fito a ƙurarren lokaci, ban yi miki alkawarin kaya ba."

"Shi ai ba ya buƙatar kujera, Day. A ƙasa yake kwanciya."

Yarinyar ta buɗe baki za ta ƙara bayani, na baya ya riga ya turo takardunsa. Meding ta ja amalankenta ta koma gefe, tana ganin ta yi raha.

A kan bencin ta tarar da wani mutum baƙi, kakkaura, da jaka ɗaya a tsakanin ƙafafunsa. Yana jin yadda ta yi wa yarinyar magana ya gane 'yar gida ce.

"Nang, ke ma Iloilo?"

"Dumangas."

"Ah, masu warin kifi. Ni Berting, daga Oton. Wata tara ina cikin injin jirgin ruwa, rabona da ganin rana sosai har na manta kalarta." Ya nuna kwalin da leɓe. "Wannan fa? Firji ne ko gawar Balarabe?"

"Bakinka ya sari dutse. Tsaraba ce."

"Garin duka za ki raba wa?"

"Kai ina taka? Ko haka za ka shiga wa matarka da hannu kamar ɓarawo?"

"Tawa ta riga ni, tun wata biyu na aika ta ruwa. Shi ya sa nake sauri, kafin surukaina su gama da ita."

Shi ma tikitin ƙarfe bakwai gare shi, kuma sunansa ne ke bin nata. Ya sayo musu kofi da burodi, suka zauna suna kallon masu shigowa. Zaman cans zaman mugunta ne, kowa ya sani, ba mai faɗa. Kana zaune kana ƙirga kawunan mutane, duk wanda ya shigo a guje da jaka sai ranka ya ɓaci don ya iso. Berting dai ba ya ɓoye tasa.

"Ya Ubangiji," ya ce, ya ɗaga kofinsa sama, "ba mutuwa muke roƙa wa kowa ba. Ka dai haɗa mutum biyu da cunkoson Manila. Ko gudawa ma ta isa."

"Ka ji tsoron Allah, Berting."

"Nang, ce amin, ke ce ta farko a layi."

Ta yi dariya, ta ce amin a hankali. Daga nan hirar ta mutu. Ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi, bayanta na ciwo, sanyin na'ura ya shige mata ƙashi. Ta jingina kai da kwalin tana gyangyaɗi, tana farkawa a firgice duk lokacin da lasifika ta yi magana. A tsakanin barci da ido biyu ta yi ta gwada yadda za ta rataya lambar, ko sai ta yi ɗage, don a hoto Rodora ta fi ta tsawo yanzu.

Sha ɗaya ta wuce da 'yan mintuna aka rufe karɓar fasinjojin jirgin. Yarinyar ta duba na'urarta, ta ɗago.

"Gallenero, Remedios!"

Meding ta miƙe har tana tuntuɓe. Ta turo amalanken da ƙarfinta.

"Kujera ɗaya ta fito, Madam. Amma an rufe karɓar kaya. Jakar hannu kawai, kilo bakwai, kuma yanzu za ki wuce, an fara shiga."

"Kwalin fa?"

"Ba zai bi wannan jirgin ba. Na faɗa miki ɗazu."

Berting ya taso. Allah ya sani, mutumin nan ya yi abin da ɗan'uwa zai yi.

"Nang, bar shi a hannuna. Ni ba ni da kaya, zan shigar da shi da sunana a jirgin bakwai. Ga lambata, ga katina, ɗauki hotonsa. Gobe in guguwa ta bari har ƙofar gida zan kawo miki. Tafi!"

Shi ke nan fa, magana ta ƙare. Ga kujera, ga mai riƙe kaya, ga ƙofa a buɗe. Duk mai hankali zai ɗauki jakarsa ya ruga. Kuma Meding ta ɗauki jakar, har ta yi taku biyu. Sai ta dubi hannuwanta. Ba komai a jakar nan sai fasfo, da magani, da rigar da za ta sa a taron. Ta ga kanta ta sauka a Iloilo haka, ta shiga cikin dangi bayan shekara uku, ana rungumarta ana leƙen bayanta. Ta ga ta tsaya gaban Rodora a rana irin ta yau ba ko tsinke. A rayuwarta ba ta taɓa yi ba, ba ta ma san yadda ake yi ba.

"Minti ɗaya, Day. In ciro na 'yata kawai."

"Madam, babu lokaci."

"Agogo ne, ɗan ƙarami, irin na masu jinya. Yanzu-yanzu."

Ta durƙusa ta kama igiyar. Ƙullin da ta yi da hannunta a Riyad, wanda ta ja da haƙori don kada ma'aikatan kaya su yi mata ɓarna, shi ya tsaya mata. Berting ya ciro abin yankan farce yana datsa yana faɗa.

"Nang, don Allah ki bari! Agogon zai gudu ne? Ki ba ta gobe!"

"Kai dai yanka."

Igiya ta tsinke, saura salatif, shi kuwa ta yi masa naɗi a kan naɗi. Ta sa mabuɗi tana yaga. Da bakin kwalin ya buɗe sai ƙamshin sabulu da turare ya tashi, kaya suka bulbulo kamar an daɗe ana danne su. Agogon yana can ƙasa. Ita ta sa shi a ƙasan, cikin tawul, don shi ne ya fi tsada.

"Gallenero, kira na biyu."

Ta fara fito da kaya tana zubewa a ƙasa. Kuma abin haushi, duk abin da ta ɗago sai sunan mai shi ya kalle ta. Turaren Belen. Ai Belen ba a zuwa mata haka, ita ta riƙe yarinyar, ta cusa shi a jaka. Yarinyar tebur ta ce turare mai girman nan ba ya shiga jakar hannu, ta fito da shi. Takalmin mijin Belen. Dabinon Fada, limamin cocinmu. Cakulan na 'ya'yan maƙwabta, waɗanda za su fara tarar ta a bakin hanya. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta ɗauki wancan, gwangwanin nama ya gangara ƙarƙashin benci.

"Madam, zan ba na bayanki."

"Ga shi nan, na taɓo tawul ɗin!"

"Nang Meding, tashi!" Berting ya kama kafaɗarta. Ta fizge, rabin jikinta na cikin kwali.

Yarinyar ta dubi agogon bango, ta ɗauki wayar tebur ta saurara, ta ajiye. Ba da mugunta ta yi ba, ita ma wani ke tsaye a kanta.

"An ce in rufe. Salcedo, Roberto. Za ka hau, ko kujerar ta tafi ba kowa?"

Berting ya ji sunansa na takarda, ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi Meding, ya dubi ƙofa. Wata tara ba wasa ba ne, kuma shi ma ya biya.

"Ba ta kujerarta, ga ta nan ta gama," ya ce.

"Sai an sake buga mata takarda, an auna jaka, ga kayanta a ƙasa ba mai su. Kai ne a shirye. E ko a'a?"

Ya sunkuyar da kai ya miƙa katinsa.

"Nang, ki yafe ni."

Meding ta ɗago daga cikin kwalin, gashinta ya warware, ga 'yar akwatin agogon a hannunta. Ta ga bayansa yana gudu, jakarsa na dukan cinyarsa. Ta daɗe a durƙushe kafin ta ce, "Je ka, ba kai ba ne," amma ya riga ya yi nisa.

Ba ta roƙi a mayar mata da kuɗin ba, ta ji sharaɗin da kunnenta. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa, mutane na ratsa ta gefenta, wasu na ɗaga ƙafa su tsallake. Kayan da suka shiga a Riyad suka ƙi komawa a Manila, bakin kwalin ya ƙi haɗuwa. Ta ja shi jikin bango ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta cire takalmi. Haushin kanta ya ishe ta, amma ko ƙarfin zagin kanta ba ta da shi.

Ƙarfe uku da wani abu mijin Belen ya kira ta ta bidiyo. Bai iya riƙe waya ba, rabin abin da ta gani fanka ce da ƙeyar mutane. Amma ta ji an kira sunan, Rodora Gallenero, ta ji tafi. Hoton ya yi rawa ya daidaita. Ga yarinyar a dandamali cikin fararen kaya, doguwa, ta fi hotunanta kyau. Ga Belen tana hawa matakala a hankali saboda gwiwa. Rodora ta sunkuya, Belen ta rataya mata lambar, ta gyara mata wuyan riga. Yarinyar ta kama hannun Belen ta ɗora a goshi, yadda muke neman albarkar iyaye, sannan ta rungume ta. Meding ta yi tafi ita kaɗai a jikin bango, wayar na kan cinyarta.

Bayan an tashi Rodora ta karɓi wayar. Hayaniya ta cika bayanta, fuskarta sai sheƙi take.

"Mama! Kin gani?"

"Na gani, Day. Na gani. Ki yafe mini. Na samu kujerar, Allah ya sani na samu, ni ce na tsaya..."

"Haba Mama, kar ki damu kanki. Ba a samu wata matsala ba. Dama sunan Nanay na ba su tun watan jiya, shi aka buga a takardar taro."

Meding ta matso da wayar kusa da fuskarta.

"Tun watan jiya?"

"E mana. Ai na san yanayin aikinki, Mama. Na san ba laifinki ba ne."

Ta nemi fushi a muryar yarinyar ba ta samu ba. Da ta samu da ta ji sauƙi, don mai fushi da kai bai cire rai da kai ba. Rodora da murmushinta take magana, tana lallashinta kamar yadda za ta lallashi marar lafiya. Watan jiya ba a san da guguwa ba, ba a san da cans ba, lokacin Meding tana can tana gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa bana da hannunta za ta rataya wa 'yarta lamba.

"Mama, kina ji na? Ki dai iso lafiya, mun ajiye miki abinci." Ta juya gefe, wani na yi mata magana. "Au, Nanay ta ce in tambaye ki, kwalin zai shiga keke mai ƙafa uku, ko a nemo mota?"

Meding ta dubi kwalin, bakinsa a wangale, igiya a tsinke.

"Ku nemo mota, Day," ta ce. "Yana da nauyi."